Ni da Direba a Kujera Ɗaya, Hanyar Tuburo

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya leƙo shago, ko maɓalli ɗaya ya kawo a ɗinka masa, sai ya ja benci ya zauna ya ce, "To Hamisu, yaya Kamarun?" In ce lafiya lau, a ce ai ba a zuwa ƙasar waje a dawo da lafiya lau kaɗai. Musamman kai Garba, ka ishe ni da tambayar ko da gaske burodinsu ya kai tsawon hannu. Ya kai, har ya ɗara. To yau na ajiye keke, ku saurara in ba ku labarin gaba ɗaya, kowa ya huta.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Wata Talata da hantsi Nasiru, ɗan baffana, ya bugo waya daga Tuburo, can cikin Kamaru. Baffa Iro ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Fataucin shanu ya kai shi can tun ina yaro, ya yi aure ya zauna. Shekara goma sha ɗaya rabonsu da ganin juna. Nasiru ya ce jiki ya yi tsanani, abinci ma ya daina karɓa, kuma ba wanda yake kira sai "Yaya, Yaya."

"In za ku zo, ku zo yanzu," in ji shi. "Ban san ko zai kai Juma'a ba."

Baba ya haura saba'in, ga ciwon gwiwa. Na ce ya bari in je a madadinsa. Bai ko kalle ni ba, ya ce, "Kai yake kira?" Na je na haɗa kaya.

Bayan azahar muka bar Jimeta. A iyaka aka sauke mu, wani jandarma mai gashin baki ya karɓi takarduna, ya kalli hoton, ya kalle ni, ya sake kallon hoton, ya yi ta zuba Faransanci. Ni kuwa kun san ni da zuciya, na fara ɗaga murya da Hausa, shi ma ya ɗaga tasa. Sai Baba ya dafa sanda ya matso ya gaishe shi da Fulatanci, ya gaya masa ƙaninsa ne ke kwance. Nan take mutumin ya sauko, ya buga hatimi, har da cewa Allah ya ba shi lafiya. Da muka koma mota Baba ya ce min, "Bakinka zai kwanar da mu a hanya." Da la'asar sakaliya muka wuce Gashiga, rana na shirin faɗuwa muka shiga Garwa.

Jama'a, ku da kuke zagin 'yan acaɓar garin nan, ku je ku nemi gafararsu. A can moto suke ce wa babur, kuma shi ne sarkin titi. Su ma suna da unguwar Jambutu kamar mu, a nan aka sauke mu, muka hau moto biyu zuwa unguwar Rumde Ajiya. Wanda ya ɗauki Baba ya yi gaba. Ina gani da idona ya bar hannunsa ya shiga hannun masu tahowa, ya kutsa tsakanin wata tankar mai da mai kura, babbar rigar Baba tana kaɗawa dab da taya. Na daki kafaɗar nawa na ce ya bi shi ya ce masa ya rage gudu. Shi kuma ya ɗauka cewa na yi ya wuce shi. Wallahi sai tsere ya kaure. Ba mai ba da sigina, ba mai jiran wani a mahaɗa, wanda hon ɗinsa ya fi ƙara shi ke da hanya. Muka isa, Baba ya sauka ya gyara hula abinsa.

Gidan Kawu Sale muka sauka, ɗan'uwan mahaifiyata, mai sayar da atamfa. Kakansa daga Kano ya zo, amma shi in ya yi maka jimla uku, ɗaya Hausa ce, ɗaya Fulatanci, ɗaya Faransanci. Aka kawo tuwon masara da miyar yakuwa, wadda suke ce wa folere, da wani kifin Binuwai gasasshe da ban taɓa cin irinsa ba. Baba loma biyu ya yi ya tsame hannu. Kawu ya ce hanya biyu ce zuwa Tuburo. Akwai babbar bas da ke zagayawa ta Ngaundare, kwalta ce, amma sai an kwana a hanya. Akwai kuma ƙananan motoci da ke yankewa ta Cholire, yini ɗaya, amma rabin hanyar jar ƙasa ce.

"Yaya Malam, ku bi bas," in ji Kawu. "Direbobin hanyar Cholire ba su da kai. Ga lokacin jigilar auduga, manyan motoci sun cika hanya."

Baba ya juyo gare ni. Ni na ce ƙarama za mu bi. Ku riƙe wannan, ni na zaɓa, ba wanda ya tilasta ni.

Da asuba muka sha kunun gyaɗa da makala, wato irin fanken nan nasu, muka nufi tasha. Motoci biyu ke lodi. Ɗaya ta wani dattijo ce mai furfura yana jan carbi, ɗaya ta wani matashi siriri mai baƙin tabarau, Bubakari. Na tambayi masu lodi wa ya fi sauri. Suka kwashe da dariya suka nuna Bubakari. Shi kuwa ya buga ƙirji ya ce, "Patiron," wato maigida, "magariba a Tuburo za ka yi ta, in ba haka ba ka canza min suna."

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Motar mai ɗaukar mutum biyar ce har da direba. Aka cusa huɗu a baya, aka sa Baba da wani mai shanu a kujerar gaba, sannan aka ce saura mutum ɗaya mota ta cika. Na duba ko'ina ban ga wuri ba. Bubakari ya buɗe ƙofarsa ya nuna min kujerarsa.

"Shiga, kai ne peti shofer."

Wai ƙaramin direba ke nan. Fasinja ne ake zaunarwa a kan kujerar direba, ya matsa can ciki, giya ta kasance tsakanin gwiwoyinsa, ƙafarsa ta hagu kuma tana can ƙasa wajen totur da birki. Shi direban sai ya ɗosana a gefe, rabin jikinsa a jingine da ƙofa, kafaɗarsa a waje ta taga. In zai canza giya sai ya miƙa hannu ta kan cinyarka. Na ce haba, wannan ai hauka ne. Wata mata a baya, Madam Marta, 'yar kasuwa mai buhunan busasshen kifi, ta ce, "Ɗan'uwa, ka shiga mu tafi. Ni na yi peti shofer da cikin wata bakwai." In na ƙi, sai an jira wani fasinja, rana kuwa tana ta yi. Na tattare riga na shiga.

Muka haye gadar Binuwai, muka miƙa. Tun kafin Ngong na gane irin hannun da na faɗa. Bubakari ba ya iya ganin mota a gabansa ya ƙyale ta. A kwana zai wuce, a kan tudu zai wuce, a kan gada mai hanya ɗaya zai wuce, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana ɓare gyaɗa. In an zo gangara sai ya kashe injin gaba ɗaya, wai yana tattalin mai, mota ta yi ta sulalawa shiru kamar an saki kura daga kan tudu. In mota ta lalace a can ba su san wata alamar ƙarfe ba, rassan itace suke jerawa a kan titi, kuma in sun gyara sai su tafi su bar su. Saboda haka shi Bubakari ya daina yarda da rassan. Sau biyu yana bi ta kansu da gudu, a na biyun kuwa akwai lalatacciyar motar a bayan kwana, da ƙyar ya kauce, madubin gefe ya tafi.

Madam Marta ta yi kururuwa ta kira sunan Yesu, mai shanu ya yi salati. Baba ya ce, "Yaro, a hankali. Rai ka ɗauko."

"Baaba, kada ka damu. Hanyar nan ta san ni."

Ni fa? Nan ne abin kunyar. Tsoro nake ji, amma duk sanda ya ɗan sassauta sai in duba agogo in ce, "Anya za mu kai magaribar nan kuwa?" Shi kuma sai ya ƙara takawa. Muka bar kwalta a Gijiba, muka shiga jar ƙasa. Da azahar muna Cholire. Muka yi salla, na sayi burodi da tsire, na sami waya na kira Nasiru. Ya ce Baffa na nan da rai, an gaya masa muna hanya, har ya sa an jingina shi yana fuskantar ƙofa. Na gaya wa Baba. Ya ce, "To mu tashi."

Mun yi kamar awa ɗaya da barin Cholire muka tarar da wata babbar motar auduga a gabanmu. Ta cika hanya, tana tayar da jar ƙasa, ba ka ganin komai bayan hancin motarka. Bubakari ya yi hon ya yi hon, direban bai matsa ba, don su ma manyan ba sa ba ƙarami hanya, wai raini ne. Ya bi ta na ɗan lokaci yana zage-zage. Ni da bakina na ce, "Haka za mu yi ta bin ta har dare?"

Ya miƙo hannu ta kan cinyata ya sauke giya, ya fita hagu, ya shiga cikin ƙurar nan ido rufe.

Ban ga mutumin ba sai da ya zo kan gilashi. Na dai ga tayar keke, na ga farar riga, sai ƙara, gam! Wani abu ya gungura ta gefen Baba ya faɗa ciyawa. Motar ta yi tangal-tangal ta daidaita, muka fito gaban babbar motar. Kuma Bubakari bai tsaya ba. Ƙara wuta ma ya yi.

"Ka buge mutum!" in ji Madam Marta. "Tsaya!"

"Ba a tsayawa!" Tabarau ɗinsa ya faɗi. "Ba a tsayawa a nan, Madam, ke ma kin sani. Ƙauye na kusa. Za su kashe ni su ƙona motar. Maigidana da ya koya min tuƙi haka aka yi masa, a gabana. In mun kai birigad na gaba zan kai kaina wurin jandarmomi, su su zo su ɗauke shi."

Mai shanu ya ce gaskiya ne, haka ake yi, direba ba ya tsayawa sai a ofishin jandarma. Sauran na baya suka ce a tafi, a tafi. Ashe al'ada ce da kowa ya sani. Birigad na gaba kuwa ya fi awa ɗaya.

Ba zan yi muku ƙarya ba. A cikin zuciyata na ji wani sanyi da aka ce a tafi. Na ce ai ba ni na buge shi ba, ai za a aiko jandarma, ai Baffa na can yana kallon ƙofa. Na sunkuyar da kai.

"Hamisu."

Baba ne. Bai ɗaga murya ba.

"Ƙafarka na kusa da birki. Taka."

"Baba, Baffa fa..."

"Na san inda Iro yake. Taka, na ce."

Na damƙi giyar da ke tsakanin gwiwoyina na fizgo ta ta koma firi, injin ya yi kuka. Na ture ƙafar Bubakari da tawa, na danna birki da duk ƙarfina. Ya kai min gwiwar hannu a haƙarƙari, na riƙe sitiyarin da hannu ɗaya ina ce masa, "Wallahi ko mu tsaya ko mu kife gaba ɗaya!" Motar ta ja ƙasa ta tsaya a karkace. Babbar motar audugar ta zo ta wuce mu da hon, ko waiwaye direbanta bai yi ba.

Da baya da baya muka koma, Bubakari na kuka kamar yaro. Mutumin na kwance a cikin ciyawa, magidanci ne, manomi, kekensa ya lanƙwashe, garin masarar da ya ɗauko ya watse ko'ina. Ƙafarsa ta dama ta karye a ƙasan gwiwa, ƙashi a waje, jini na bulbula. Idonsa biyu, yana ta faɗin wata magana da ban gane ba. Madam Marta ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure cinyar tam, ta ce in danna nan, kada in saki.

Sai ga su. Daga gonakin auduga suka ɓullo, maza kusan ashirin, da fartanya da sanduna, wasu da duwatsu, mata na biye suna ihu. Bubakari ya kulle kansa a mota. Dutse na farko ya fasa gilashin baya. Wallahi na sadaƙar, na ce yau a dajin Kamaru za a binne mu. Hannuna a kan cinyar mutumin, ban isa in tashi ba.

Baba ya dogara sandarsa ya je ya tsaya a jikin ƙofar direba. Tsoho mai ciwon gwiwa, shi kaɗai. Wani saurayi ya ɗaga fartanya, Baba ya kalle shi ya ce da Fulatanci, "Mun gudu ne? Ga mu." Ita kuma Madam Marta da ta ji abin da mai raunin ke faɗa, sai ta miƙe ta daka musu tsawa da wani yare. Ashe mutanen ƙauyen daga duwatsun arewa suka taso suka zo noman auduga, yarensu ɗaya da ita. Ban san me ta ce ba, na dai ga tana nuna jinin, tana nuna motar, tana nuna rana. Daga baya ta ce min cewa ta yi, in sun ƙona motar, a kan me za su kai ɗan'uwansu opital, wato asibiti, a kan fartanya? Sandunan suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya.

Aka ɗauko mai raunin. Baba ya ce a sa shi a kujerarsa ta gaba, shi ya matsa baya. Nan na yi ƙoƙarina na ƙarshe. Na ce ai Tuburo ma akwai asibiti, mu wuce da shi can, an taimaki kowa ke nan.

Madam Marta ta ce, "Tuburo awa huɗu, Cholire awa ɗaya. Dubi jinin nan, ɗan'uwa. Ba zai kai ba."

Kowa ya juyo yana kallon Baba, don duk motar an san abin da ya fito da mu. Ya daɗe yana kallon hanyar da ta miƙa gabas. Na ga leɓensa na motsi. Sannan ya ce, "A juya."

Muka koma Cholire, ƙanin mutumin na riƙe da kansa, ni ina riƙe da ƙafar. Bubakari ya yi tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ashe ya iya. A asibiti suka karɓe shi da gudu. Wani ma'aikaci ya fito daga baya ya ce da an ƙara rabin awa da sai dai gawa, ƙafar ce dai ba su da tabbas a kanta. Bubakari ya kai kansa wurin jandarmomi, suka riƙe shi da motar, mu ma suka ɗauki bayaninmu har rana ta faɗi. Ba motar da ke shiga hanyar nan bayan magariba saboda masu tare hanya. Na nemi Nasiru a waya, ba ta shiga. Wani limami ya ba mu zaurensa muka kwana, aka kawo mana tuwon dawa, ba wanda ya taɓa.

Washegari muka sami wata motar. Da azahar muka shiga Tuburo. Tun daga bakin layi na hango tabarmi a ƙofar gida, mutane zaune jeri, ana shafa fatiha. Baba ma ya gani. Ya tsaya cak, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ba ni sandarsa, ya zauna a ƙasa a tsakiyar hanya. Tun da safe aka kai Baffa makwancinsa. Ko gawar ba mu samu ba.

Bayan an yi gaisuwa na ja Nasiru bayan gida na tambaye shi yaushe ne.

"Jiya bayan isha'i, wajen ƙarfe tara," ya ce. "Da aka kira magariba ya ce a buɗe ƙofa, Yaya ya kusa. Da aka kira isha'i ya sake tambaya. Hankalinsa garau har ƙarshe."

Na jingina da bango na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Da mun wuce, da mun same shi. Da na bi dattijon nan mai carbi, da wataƙila mun isa da isha'i lafiya lau ba mu taɓa kowa ba. Ni na zaɓi mai gudu, ni na yi ta zuga shi.

Kwana bakwai muka yi. Baba bai tambayi kowa lokacin ba, ni kuma na roƙi Nasiru da mutanen gidan kada su ɗauko zancen. Sai a hanyar dawowa, a cikin babbar bas, mun wuce Ngaundare, ya juyo ya ce, "Hamisu, ka tambaya? Ƙarfe nawa Iro ya cika?"

Na ce, "Da la'asar, Baba. Tun kafin mu buge mutumin nan. Ko da mun wuce ba za mu same shi ba."

Ya kalle ni, ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙansa." Ya jingina kai da taga, ya yi barcin da bai yi ba tun ranar da aka bugo waya.

To kun ji yadda Kamaru take. Kuna zuwa gaishe da Baba ranar Juma'a, kuna zama da shi a zaure, kai Garba har shayi kake dafa masa. Don girman Allah, in zancen ya taso, da la'asar ne.